Wankin Ƙafa Tsakanin Surukai

A garinmu, can kudancin Borno inda duwatsu suka fi mutane yawa, suruki ba abin wasa ba ne. Idan ka hango uban matarka yana tahowa a hanya, sai ka ratse cikin gona ka tsuguna, ka yi kamar wata ciyawa ce ta ɓata maka rai, har ya wuce. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka shan ruwa yana kallo, ba ka zama a tabarmar da ya zauna. Idan dole ta sa ku magana, kai ka dubi ƙasa, shi ya dubi sama, maganar ta nemi hanyarta da kanta. Haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa jin wanda ya kai ƙarar tsarin ba, don yana hana fitina da yawa.

To, abin yana da sauƙi a ƙauye, inda akwai gonakin ratsewa. A Maiduguri fa? Lokacin ina masinja a wani ofishin gwamnati, 'yan shekaru bayan an ba Borno jiharta. Karatuna a aji huɗu ya tsaya ya ƙi gaba, amma ina da keke da wando mai guga, saboda haka a ƙauye ma'aikaci ake ce mini. Muna haya a Gwange, ciki da falo, a gidan wani dattijo Babarbare mai ɗinkin hula. Tsakar gidan kuwa, idan akuya ta kwanta sai dai a tsallake ta. Cikin wannan gida matata ta kawo mahaifinta ya zauna da mu bayan rasuwar uwarta, ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani.

Aka ba shi falo. Ni da nake biyan haya na koma shiga ɗakina a sunkuye, takalmi a hannu. Abincina kuwa a zaure nake ci, kusa da mai gidan yana ɗinkinsa.

"Wushe, ma'aikaci," in ji shi kullum, da gaisuwarsu ta Barebari. "Yau ma an kore ka?"

"Ba kora ba ce, Alhaji, ladabi ne."

"Allah ya ƙara ladabi. Matso da kwanon mu gani ko akwai kifi."

Surukin nawa Baba nake kiransa idan ba ya wurin. Idan yana wurin ba na kiransa komai. Shi kuma da yake babu sama sosai a cikin falo, sai ya samo dabara: sandarsa yake yi wa magana. "Sanda, ko mutanen gidan nan sun san randa ba ruwa?" Sai in ga na ɗauki bokiti.

Shi ne na ƙarshe a gidansu da bai karɓi bishara ba. Ya taɓa farawa, tun matata tana yarinya. Ya yi 'yan makonni yana zuwa sujada a ƙauye, sai wata Lahadi wani malamin bishara, yaro ɗanye wanda Baba ya ci tuwon sunansa, ya miƙa masa hannu a gaban jama'a ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa." Baba ya dubi hannun, ya dubi yaron, ya ɗauki sandarsa. Bai sake taka ƙofar coci ba har ya yi jikoki. Duk tsawon shekarun nan matata ba ta taɓa rufe addu'a ba tare da sunansa a ciki ba. Ko addu'ar cin abinci ce, sai tuwo ya fara hucewa kafin ta gama da mahaifinta.

Saboda haka ranar da ya tambayi sandarsa ko cocin mutanen gidan nan yana da benci mai wurin jingina, matata ta shiga madafa ta yi kuka, ta fito ta ce hayaƙi ne. Da muka keɓe ta riƙe mini hannun riga.

"Baban yara, ka ji ni da kyau. Idan aka sake kunyata shi, ya tafi ke nan. Kuma shekarunsa ba su kai a sake jira ba."

Hausar Baba ta kasuwa ce: nawa, rage, ya yi tsada. Da wannan ba a shiga ajin baftisma. Dole aka nemi tafinta, kuma a duk ƙaramin cocinmu na wajen Galtimari ni kaɗai ne mai jin yarenmu da ba ya aiki ranar Asabar da yamma. Faston namu sabo ne, ɗan ƙabilar Margi, bai daɗe da fitowa makarantar koyon aikin ba, gemunsa ma bai gama yanke shawarar fitowa ba. Ga yadda ajin yake tafiya: Fasto ya yi mini magana da Hausa, ni in gaya wa taga da yarenmu, Baba ya amsa wa sanda, ni kuma in tsinci amsar daga wurin sanda in mayar wa Fasto.

"Sanda, tambayi yaron nan, wannan Almasihu da yake ta faɗa, wane ne shi?"

Fasto ya gyara zama, don nan ne wurin da ya fi ƙwarewa. Ya ce Ɗan Allah ne, wanda aka yi alkawarinsa tun zamanin annabawa, Sarki ne bisa dukan sarakuna.

"Sarki. To madalla. Gonakinsa ina? Su wa suke yi masa noma?"

Fasto ya ce ba shi da gona, ko ɗakin kwana na kansa bai mallaka ba.

"To me ya zo yi?"

Fasto ya ce ya zo ne ya nemi waɗanda suka ɓace, ya yi wa mutane hidima, ya ba da ransa a kan gicciye domin laifin da ba nasa ba.

Baba ya murza kan sandar. Can ya ce a garinmu an taɓa yin shekarar da damisa ta addabi awaki, kuma wanda ya shiga gaba zuwa bakin kogon ba shi da akuya ko ɗaya. Ya ce irin wannan mutum ya gane shi. Amma hidimar nan ce bai gane ba, don sarkin da ya durƙusa wa talakansa, da safe za a ji an naɗa ƙanensa.

"Ni kuma me yake so a wurina? Ba ni da ido, ba ni da haƙori."

"Ka bi shi, Baba," in ji Fasto.

"Ina za shi?"

Fasto ya ce, "Inda ya bi, nan za mu bi. Abin da ya yi, shi za mu yi."

"Sanda, gaya masa dai a riƙa tafiya a hankali."

Aka yi masa baftisma a kogin nan da ya ratsa gari, kafin ruwan ya janye. Lafiya lau aka gama, babu wanda ya ce masa ɗan'uwa, don matata ta bi gida gida ta ja wa mutane kunne.

Sai makon Ista ya matso, da shi kuma bikin ƙauna. Ga wanda bai san irin cocinmu ba, bari in yi bayani. Ranar Alhamis kafin Jumma'ar gicciye, da la'asar, masu baftisma suna taruwa, maza gefe guda, mata gefe guda. Ana kawo daro da ruwa da tawul. Kowa ya durƙusa ya wanke ƙafar na kusa da shi, ya goge, su tashi su yi musabaha, sai wanda aka wanke wa ya ɗaura tawul ya juya ga na gaba. Haka daron zai bi benci har ƙarshe. Bayan nan a ci abinci tare a kwano ɗaya, sannan a karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu. Muna yi ne domin Almasihu ya yi wa almajiransa haka kafin a kama shi, ya kuma ce su riƙa yi wa juna.

Amma mu ma ba mu bar hankalinmu a gida ba. A cocinmu daron kullum daga bakin ƙofa yake tasowa, inda samari suke zama, ya nufi gaba inda dattawa suke. Ka ga ke nan ƙarami ne yake wanke wa babba, daga farkon benci har ƙarshensa. Ba wanda ya rubuta wannan tsari, ba wanda ya taɓa faɗinsa da baki. Daro ne kawai ya san ladabi.

Dole in zauna kusa da Baba saboda fassara. Na yi nazari mai zurfi, irin wanda ban yi ba a aji huɗu, na ga cewa idan na zauna ta ɓangaren ƙofa, ni zan wanke masa. Taɓa suruki babban al'amari ne, amma ƙafa ce, kuma kaina zai kasance a ƙasa, inda ya kamata ya kasance. Na kai wa matata wannan bincike, ta ce ashe kuɗin makarantata ba duka aka yi asara ba.

Akwai wani abu kuma da ba a faɗa a wa'azi. Ranar wankin ƙafa ba Kiristan da yake zuwa coci da ƙafa mai datti. Tun azahar kowa yana bayan ɗaki da soso da sabulu da dutse, yana yaƙi da kaushi. Ni ma ina tsakar gida ina ta gurza, har na bi faso da man shafawa, mai gidan ya leƙo daga zaure.

"Ma'aikaci, an musulunta ne ba a gaya mini ba?"

"A'a, Alhaji, yau ake wanke mana ƙafa a coci."

"To wannan da kake yi fa?"

"Shiri ne."

Ya daɗe yana dubana. "Mu sau biyar a rana, kowa da ƙafarsa. Ku sai shekara ta zagayo, ku wanke a gida, ku je a sake wankewa. Allah ya ba da lada. Ka yi hankali da man nan, kada ka sulɓe daga hannun mutane."

Muka kama hanya cikin zafin nan na bazara, muna bin inuwar dogonyaro. Ba zan iya goya Baba a keke ba, don sai ya riƙe ƙuguna. Ba zan iya hawa in bar shi a ƙasa ba. Saboda haka shi da 'yarsa suna gaba, ni ina baya ina tura keke kamar mai rakiyar amarya.

Muka zauna yadda na tsara. Ta gaban Baba wani tsohon ɗan sanda ne mai ritaya, ta bayansa ni, ta bayana kuma wani direban tanka, mutumin Cibok, wanda shi kaɗai ya cinye wurin mutum biyu. Rufin kwano yana ta ƙara saboda zafi. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, Fasto ya tashi wa'azi, ni kuma ina raɗa wa bayan bencin gabanmu da yarenmu.

Ya yi wa'azi mai kyau, ban hana shi ba. Ya ce almajiran sun riga sun gane cewa malaminsu shi ne Almasihu, amma suna jiran ya hau gadon sarauta ya raba musu muƙamai, har suna gardamar wa zai zauna a dama. Sai ga shi ya tuɓe riga ya ɗaura tawul. Ya ce wanda yake so ya san wane ne Almasihu, ya dube shi a durƙushe gaban daro. Duk muka ce amin. Da a nan ya tsaya, da an rabu lafiya.

Sai ya ce, "Na lura a nan ƙanana ne suke wanke wa manya. Amma a wancan ɗaki babba ne ya wanke wa ƙanana. Bana daga gaba za mu fara. A kawo daron nan."

Wani dattijo ya yi tari irin na gargaɗi, amma yaron bai iya yaren tari ba tukuna. Ni kuwa lissafina ya juye a kaina: daro zai taso daga gaba, ɗan sanda zai wanke wa Baba, Baba kuma zai juyo kaina.

Na taɓa direba da gwiwar hannu. "Mu yi musanyar wuri, don Allah."

"Ina zan bi?" ya ce. Gaskiyarsa, ko iska ba ta da hanya a bencin nan.

Na leƙa ɓangaren mata. Matata ta dafe ƙirji da hannu biyu, idonta a kan mahaifinta. Ga shi kuma ni ne tafinta, da bakina zan sanar da shi. Na gaya wa bayan benci abin da Fasto ya faɗa, kalma bayan kalma. Sandar ce kawai na ga Baba ya jawo ta tsakanin gwiwoyinsa, ya riƙe da hannu biyu, irin riƙon mai shirin tashi.

Daron ya yi ta matsowa, ana waƙa a hankali. Ɗan sanda ya durƙusa ya wanke wa Baba, da sauri kamar yana tsoron a kama shi. Ya goge, ya miƙe, ya miƙa tawul. Baba ya tashi tsaye a kan sandarsa. Bai karɓi tawul ba. Fuskarsa tana wajen ƙofa, inda hasken yake, don shi kaɗai idonsa yake iya gani sosai. Masu waƙa suka kai ƙarshen baiti suka sake komowa farkonsa.

"Sanda," ya ce a hankali, "shi Sarkin nan, da hannunsa ya yi, ko sa wani ya yi?"

"Da hannunsa," na ce wa benci.

"A gaban mutane?"

"A gabansu duka."

"Ba wanda ya hana shi? Duk ba su da tarbiyya?"

Na ce ɗaya daga cikinsu, mai saurin baki, ya janye ƙafarsa ya ce ba zai yiwu ba. Amma Almasihu ya gaya masa idan bai bari an wanke ba, ba su tare.

Baba ya tsaya yana numfashi. Ni dai ina kallon tsagar siminti a ƙasa, ina roƙon ta ƙara faɗi.

"To gaya wa mai ƙafar nan kada ya janye. Ba ni da ƙarfin gardama."

Ya jingina sandar da benci, ya karɓi tawul ya ɗaura a kan babbar rigarsa. Saukarsa ƙasa ta ɗauki lokaci, gwiwa ɗaya ta yi ƙara, ɗayar ta amsa mata. Ya laluba ya sami daro, ya laluba ya sami ƙafata. Tun da na auri 'yarsa ko inuwarmu ba ta taɓa haɗuwa ba, yau ga diddigena a tafin hannunsa.

Ƙafar ta sulɓe. Ya sake kamawa, ta sake sulɓewa. Da yake sanda ta yi nisa, sai ya yi wa daro magana.

"Wannan ƙafa an riga an wanke ta, har da mai. An ɗauka ban iya ba ne?"

Sai ya kama aiki. Mu da muka saba, ruwa muke ɗan yayyafawa mu shafa da tawul, shi ke nan. Baba bai san wannan ba. An ce wanki, shi kuma wanki ya sani. Ya riƙe ƙafar kamar doyar da aka tono daga laka, ya murza diddige, ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya kai ga tafin ƙafa da farcensa na manomi.

A nan ne wata jarrabawa ta same ni wadda ba a ambata a ajin baftisma ba. Ni mutum ne mai jin cakulkuli. Dariya ta taso mini tun daga ciki, kuma na san idan ta fita, a gaban jama'a, surukina yana durƙushe a gabana, to addu'ar matata ta shekara da shekaru ta bi ruwan daro. Na cije leɓe. Na rufe fuska da hula. Kafaɗuna suka kama rawa, hawaye suka zubo. Direba ya dafa bayana ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, Ubangiji yana aiki." Dattijon nan mai tari ya ce amin da ƙarfi. Har yau akwai waɗanda suke ba da labarin yadda Ruhu ya sauko mini a ranar, ni kuma ban ƙaryata su ba, don kafin ya gama ƙafa ta biyu ni kaina ban san ko dariya ce nake dannewa ko wani abu dabam ba. Ina ganin tsakiyar kansa ta ƙasan hulata, furfura 'yar kaɗan, da jijiyoyin wuyansa. Ban taɓa ganinsa daga sama ba.

Ya goge ƙafafun tas. Sai tashi ya gagara. Ya yunƙura ya koma. Babu wanda ya fi ni kusa, saboda haka na sa hannu a hammatarsa na ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan, kamar damin kara. Muka yi musabaha yadda ake yi, shi yana duban rufi, ni ina duban daro. Ya zauna. Ya ɗauki sandarsa ya kwantar da ita a ƙarƙashin benci.

Na juya ga direba da tawul. Allah ya gafarta mini, ban san abin da na yi wa ƙafar mutumin nan ba, amma ya ce ya gode.

Da aka kawo abinci, burabusko ne da miyar yakuwa, da shinkafar Zabarmari ga masu rabo. Kwano ɗaya aka ajiye tsakanina da Baba. Ba mu yi shawara ba, amma kowa ya san abin yi: ya juya wajen gaba, na juya wajen ƙofa, kowa ya miƙa hannu ta baya yana laluben kwano. Wani lokaci yatsunmu su yi karo, kowa ya janye ya ba ɗan'uwansa hanya. Tsokar nama ɗaya ce a ciki, na tura masa, ya turo mini, na sake turawa, daga nan ban ƙara jin ta ba. Da aka zo Jibin Ubangiji ya karɓi gurasa da hannu biyu. Daga ɓangaren mata na ji wata ta ɗauki waƙa da murya sama da ta kowa, ba a kan daidai ba, na kuwa san muryar.

Ranar Lahadin Ista, kafin in gama shafa wa kekena mai, Baba yana zaure da babbar rigarsa yana tambayar sanda ko mutanen gidan nan sun fasa zuwa ne.

Da wani bikin ƙaunar ya matso, ya sa na kai shi wurin Fasto, muka zauna yadda muka saba, da taga da sanda.

"Tambayi yaron nan, Almasihu sau nawa ya wanke wa mutanen nan nasa ƙafa?"

Fasto ya yi tunani. Ya ce sau ɗaya dai aka ba da labari.

"To. Ni ma na yi wa na gidana. A nemo mini wani benci."

Aka mayar da shi can gaba cikin dattawa, aka samo masa wani tafinta daga cikin sababbin zuwa. Daron kuwa bai sake tasowa daga bakin ƙofa ba, Fasto ya kafe. Baba bai taɓa fashin bikin ba har ƙarfinsa ya ƙare, yana durƙusawa yana wanke ƙafafun surukan wasu, da irin murzar nan tasa. Mutane suka riƙa zuwa da wuri don kada wurin da ke kusa da shi ya faɗo a kansu.